Avios na Qatar Airways: inda makin nan ke da daraja da inda mutanenmu ke zubar dashi a banza

Jama'a bari in faɗi ra'ayina tun farko kafin in shiga dogon bayani, tsarin tara maki na Qatar Airways, wato Privilege Club, yana cikin mafi kyau da mutumin Kano ko Abuja zai iya shiga yanzu, amma kyawun nasa yana ga wanda ya san yadda ake kashe makin ne. Tarawa ba wuya, duk mai hawa jirgi zai tara. Wajen kashewar ne ake tafka asara, kuma abin yana damuna sosai don ina ganin 'yan kasuwa masu zuwa Guangzhou da Dubai da Indiya, da masu zuwa Umara duk shekara, sun yi wahala sun tara maki da guminsu da kuɗinsu, sai a ƙarshe su ƙarar dashi a turare da cakulan a filin jirgin Doha.

Ga wanda bai sani ba, makin nasu da sunansa Qmiles, a watan Maris na 2022 suka mayar dashi Avios, ɗaya da ɗaya, kuma a watan ne dai jirginsu ya fara sauka a Kano da Fatakwal, Legas kuwa sun daɗe suna zuwa, Abuja kuma tun 2020. Wannan canjin ba ƙaramin abu bane don Avios ɗin nan shi ne dai makin British Airways da Iberia da Aer Lingus, daga baya Finnair ma ta shigo a 2024. Ma'ana in kana da asusu a British Airways kana da wani a Qatar zaka iya haɗa su ka riƙa kwaso maki daga wannan ka zuba a wancan, ba a rage maka ko ɗaya. Sannan Qatar tana cikin ƙawancen kamfanonin jirgi mai suna oneworld tun 2013, to makinka ba jirgin Qatar kaɗai yake hawa ba, yana hawa Royal Air Maroc da Royal Jordanian da Cathay Pacific da Malaysia Airlines da American Airlines da sauransu.

Yin rajista kyauta ne, a manhajarsu ko shafinsu minti kaɗan ka gama. Abu ɗaya zan roƙe ku, dan Allah ku rubuta suna daidai yadda yake a fasfo harafi da harafi. Mu sunayenmu kowa da yadda yake rubutawa, wani Muhammad wani Mohammed wani Muhammadu, wani sunan garinsu ne a ƙarshe wani sunan kakansa, to in sunan tikiti ya saɓa da na asusu makin bazai shiga ba, haka in kazo haɗa asusun British Airways da na Qatar sai suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya. Kuma in ta hannun ejan kake yankan tikiti kamar yadda yawancinmu muke yi, ka tura masa lambarka ka kuma duba da idonka cewa ta fito a bukin ɗin, in bata fito ba ka bayar a kanta lokacin da ake auna kaya. Katin shiga jirgi kuma kar a yar dashi a kwandon shara da an sauka, shi ne shaidarka in maki bai shiga ba, ana iya nema daga baya amma lokacin neman yana da iyaka, ba shekara da shekaru bane.

Yanzu maganar da take ɓata wa mutane rai, wato yawan makin da ake samu. Mutum yaje China ya dawo ya buɗe manhaja yaga ɗan abin da aka bashi yace an cuce shi. Ba cuta bace, ajin tikitinsa ne. Ku duba lissafi, Kano zuwa Doha kusan mil 3,000 ne, Doha zuwa Guangzhou bai kai 4,000 ba, zuwa da dawowa gaba ɗaya wajen mil 13,600 kenan. In tikiti mafi araha ka yanka na ikonomi kashi ɗaya cikin huɗu na nisan kawai zasu baka, wato Avios 3,400 ko kusa da haka, in kuma ikonomi mai tsada ne sai a baka nisan gaba ɗaya, bizines kuwa ya wuce nisan ma. Kaga mutum biyu suna kujera ɗaya kusa da ɗaya, abinci ɗaya suka ci, ɗaya ya ninka ɗaya sau huɗu a maki. Ni dai shawarata kar ka ƙara kuɗi masu yawa a tikiti don kawai maki, sai in bambancin kaɗan ne ko kana buƙatar damar canza rana, wanda ɗan kasuwa kam sau da yawa yana buƙata don kaya basa gama haɗuwa ranar da aka ce.

Akwai kuma Qpoints, wannan daban ne da Avios kuma mutane suna rikita su. Qpoints ba'a kashe shi, shi ne yake ɗaga matsayinka, daga Burgundy zuwa Silver a 150, Gold a 300, Platinum a 600, cikin wata 12. Ga mai kaya Silver ɗin nan kaɗai ma riba ce don ana ƙara maka kaya, hanyoyin Afirka da akwati ake lissafi ba da jimlar kilo ba, ikonomi yawanci akwati biyu masu kilo 23, bizines biyu masu kilo 32, to ƙarin akwati guda kyauta duk wanda ya taɓa biyan kuɗin ƙarin kaya a dala ya san abin da nake nufi. Ga shiga falon hutawa a Doha lokacin tiransit, ga ƙarin maki a kan kowace tafiya.

To mu zo kan ainihin maganar. Kafin ka kashe Avios ko ɗaya akwai lissafin da ya zama dole, kuma wlh bai fi na awon shinkafa wuya ba. Ka duba kuɗin tikitin in da kuɗi zaka saya, ka cire harajin da kuɗin da zasu karɓa a kan tikitin maki, don tikitin maki ba kyauta bane gaba ɗaya, abin da ya rage ka raba shi da yawan Avios da suke nema. Misali kawai nake bayarwa, ba farashin yau bane, a ce tikitin ikonomi dala 900 ne, da maki kuma suna neman Avios 60,000 da dala 300, kaga dala 600 kenan makin ya biya maka, kowane Avios ya tashi santi ɗaya, wato kashi ɗaya cikin ɗari na dala. A ce kuma na bizines a wannan hanyar dai dala 4,000 ne, da maki Avios 120,000 da dala 500, makin ya biya maka 3,500, kowane Avios ya kusa santi uku. Maki iri ɗaya, a asusu ɗaya, amma darajarsa ta ninka uku saboda inda ka kai shi kawai. Ni a wajena duk abin da ya gaza santi ɗaya bana kallonsa, in ya kai ɗaya da rabi zuwa biyu to ana magana.

Wannan lissafin shi yake nuna maka wuraren da ake asara. Na farko sayayya a Qatar Duty Free da maki, abin yana da daɗi kam, ka miƙa waya a cire maka Avios ka ɗauki turare ko agogo ka wuce kamar baka biya komai ba, amma in ka raba kuɗin turaren da makin da aka cire zaka ga ƙasa da santi ɗaya aka saye shi a hannunka, kamar manomin da ya kai hatsinsa kasuwa ranar da kowa ya kawo nasa a kaka. Na biyu abin da suke kira Cash + Avios, lokacin da kake yankan tikitin kuɗi sai su nuna maka wani ɗan layi ka ja ka rage farashi da maki, shima darajar ƙasa take, amfaninsa ɗaya in maki kaɗan gareka wanda bazai taɓa isa tikiti ba kuma baka da niyyar sake tafiya nan kusa. Na uku, wanda ya fi cin mutane don shi da sunan tikitin maki yake zuwa, shi ne Flexi. In kujerun maki masu araha sun ƙare a jirgi sai manhaja ta nuna maka Flexi, kuma ninki biyu ne cif. Wanda bai san asalin farashin ba sai ya ɗauka haka abin yake ya danna. In kaga kalmar Flexi ka tsaya, ka matsa kwana ɗaya ko biyu gaba ko baya ka sake dubawa.

Inda makin yake nuna kansa shi ne bizines a doguwar hanya, a nan ne nake yaba wa tsarin nan ba tare da ƙwauro ba. Farashin da aka san su dashi a lokacin da ba cunkoso, Doha zuwa Amurka a bizines Avios 70,000 zuwa kawai, Doha zuwa Landan 43,000, alhali in da kuɗi ne dubban daloli ake magana. Kuma ba ƙaramin bizines bane, Qsuite ɗinsu da suka fito dashi a 2017 ɗan ɗaki ne da ƙofarsa, kujera ta kwanta ta zama gado, abinci sai lokacin da kace a kawo, ga falon Al Mourjan a filin jirgin Hamad inda zaka yi wanka ka ci abinci ka yi sallah a natse. Sai dai ku sani ba kowane jirginsu ne yake da Qsuite ba, ka buɗe taswirar kujeru ka gani kafin ka biya, kuma kamfanin jirgi yana iya canza jirgin kafin ranar tafiya, wannan a ko'ina haka ne.

Wani zai ce ni me zanyi da gado a jirgi, kaya naje saya. Gaskiya ne, kuma shi yasa bana son lissafin nan ya ruɗi mutum. In kai a rayuwarka bazaka taɓa cire dala 4,000 ka sayi bizines ba to ba dala 3,500 ka ajiye a aljihu ba, jin daɗi ka samu. Jin daɗin kuma ba laifi bane, musamman in ba don kanka bane. Abin da ni nafi ganin darajarsa shi ne ka tara makin nan ka ɗora Hajiya ko Baba a bizines zuwa Jidda ko Madina, tsoho mai ciwon gwiwa ko ciwon baya ya yi awa bakwai daga Kano zuwa Doha a kwance maimakon a naɗe, ya isa da ƙarfinsa ya yi ɗawafi da sa'ayi. Ko mara lafiya da za'a kai asibiti Indiya. Wannan ba'a auna shi da santi. Amma ka shirya tun da wuri, ka shigar da sunansu cikin jerin mutanen da asusunka ya yarda ka yanka wa tikiti, don kamfanin yana da ƙa'ida a kan wa zaka kashe wa makinka, kar sai ana saura kwana uku tafiya ka fara. Tsarin iyali ma yana nan, makin uwargida da na yara ya taru wuri ɗaya maimakon kowa ya riƙe ɗan guntun da bazai yi komai ba.

Ikonomi da maki fa? Yana da lokacinsa. In tikitin kuɗi yayi araha ka biya kuɗi ka ƙara tara maki, tunda tikitin maki baya kawo sabon maki kuma baya ɗaga matsayi, wannan ma a sa shi a lissafi. Amma lokacin da tafiya ta taso ba shiri, rasuwa ko rashin lafiya ko kaya sun maƙale sai kaje da kanka, farashin kuɗi ya hau sama, makin kuma yana nan yadda yake in dai akwai kujera, to nan ikonomi ma yana iya baka santi biyu. Tikitin zuwa kawai shima haka, da kuɗi zuwa kawai sau da yawa ya kusa kuɗin zuwa da dawowa, da maki kuwa rabi ne daidai, ɗalibai masu tafiya karatu ku riƙe wannan. Kuma mu a Najeriya muna da wani dalili na daban, kowa ya tuna abin da ya faru daga 2022 lokacin da kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje suka maƙale a ƙasar, har Emirates ta daina zuwa sai Oktoban 2024 ta dawo Legas, tikiti masu araha suka ɓace, sannan aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin tikiti a naira ya tashi ba kama hannun yaro. Wanda yake da Avios a lokacin nan makinsa bai bi naira ya faɗi ba.

Sai dai kar wannan yasa ka zauna a kan maki shekara da shekaru kana jin daɗin kallon lambar. Kamfanonin jirgi duk duniya suna ƙara farashin maki lokaci zuwa lokaci, kuma basa biyanka ribar ajiya. Ka sa wa kanka buri, tafiya kaza nake so, maki kaza take ci, da ya cika ka kashe.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba a tsarin, na farko kuɗin da ake ɗorawa a kan tikitin maki. Ba harajin gwamnati da na filin jirgi kaɗai bane, akwai nasu na kamfani, kuma tunda mu duk inda zamu sai mun bi ta Doha, jirgi biyu kenan zuwa biyu dawowa, abin yana taruwa, a bizines ya fi nauyi. Da dala ko abin da yayi daidai da ita za'a cire, to ka tabbata katinka yana biyan kuɗin waje kafin ka zauna yin bukin. Na biyu ƙarancin kujeru a daidai lokacin da mu muke so. Goman ƙarshe na azumi, watan Disamba, da lokacin baje kolin Canton a Guangzhou wanda ake farawa tsakiyar Afrilu da tsakiyar Oktoba, kujera mai araha a waɗannan ranakun sai mai rabo, in an samu ma da farashin lokacin cunkoso wanda ya ɗara na sauran ranaku. Dabara biyu ce, ko ka kama tun kusan shekara guda kafin tafiya lokacin da suke buɗe kujerun, ko ka riƙa leƙawa a makonnin ƙarshe don wani lokaci suna sakin waɗanda basu sayar ba. Ta farkon tafi kwanciyar hankali tunda in ka fasa da wuri makinka yana dawowa, ɗan kuɗi kaɗan ake cira. Iyali mai mutum biyar ko shida kuwa kar ku sa rai duk ku samu bizines a jirgi ɗaya, ku raba, manya da maki sauran da kuɗi.

In ka rasa daga Kano ka gwada Abuja ko Legas, kuɗin jirgin cikin gida bai kai asarar Flexi ba. Ka kuma duba hanya guntu-guntu, wani lokaci Kano zuwa Doha akwai, Doha zuwa inda zaka ne babu a ranar, sai ka gane wane ɓangare ne matsalar ka matsa shi. Kuma tunda makin yana tafiya tsakanin asusu, ka duba farashin tafiya ɗaya a Qatar ka duba a British Airways, ba kullum suke zuwa ɗaya ba a maki ko a kuɗin da ake ɗorawa, sai ka ga inda yafi sauƙi kafin ka tura makin. Wanda yake da 'ya'ya a Ingila, gajerun tafiye-tafiye daga Landan zuwa ƙasashen Turai da Avios na British Airways suna da sauƙi sosai. 'Yan uwa na Yamai kuma Royal Air Maroc tana zuwa wajenku ta Kasabalanka, kuna iya sa lambar Qatar a tikitinta ku tara Avios, ku kuma kashe a kanta.

Game da sayen maki, kamfanin da kansa yana sayarwa kuma yakan yi rangwame, yana da amfani in saura kaɗan ya rage maka ka cike kuma ka riga kaga kujerar da idonka. Amma masu tallan maki a WhatsApp da Instagram, masu cewa kawo rabin kuɗi in yanka maka bizines, dan Allah ku guje su. Sayar da maki tsakanin mutane ya saɓa ƙa'idar tsarin, wani lokaci ma makin na sata ne daga asusun wani bawan Allah, in aka gano sai a soke tikitin kana tsaye a filin jirgi da kayanka, asusun kuma a rufe.

Wa ya kamata ya shiga? Duk wanda yawancin tafiyarsa ta Doha take bi. In kai Ethiopian kake hawa ta Addis Ababa, ko EgyptAir ta Alƙahira, ko Turkish, waɗannan ukun a ƙawancen Star Alliance suke, lamba ɗaya a ɗaya daga cikinsu ta isheka tara makin duka ukun, Saudia kuma SkyTeam take. Babbar asarar da nake gani ita ce mutum ya buɗe asusu biyar kowanne da dubu uku dubu huɗu, babu wanda zai kai shi ko Jidda. Ka zaɓi ƙawance ɗaya da ya dace da hanyarka ka tsaya a kai ko da wani lokaci tikitinsa ya ɗan fi tsada kaɗan.

Makin Qatar baya mutuwa matuƙar asusun ya motsa, ko ka samu ko ka kashe, sau ɗaya cikin wata 36. Wanda ya daɗe bai yi tafiya ba ya buɗe manhaja yau ya duba ranar motsi na ƙarshe, in ta kusa cika to a nan kam ko ɗan ƙaramin abu ka saya da maki kaɗan ya wadatar, lissafin ya koma farko.